Masu Gudu Cikin Tukunyar Nasiru

Kurawa, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau ma hadari ya taso ya watse. Gero duk ya nannaɗe, ya yi fari.

Da la'asar jikana Nasiru, angon nawa, ya kira daga ƙasar Turawa. Nic ce, "Miji marar cefane, wai mi kake dafawa can shekara da shekaru?"

Yay yi dariya. Wai wata tukunyar ƙarfe gare su, suna son hura wuta irin ta rana cikinta don a samu lantarki. Hannu ba ya zuwa kusa. Ta 'yar taga yake leƙen hasken, na'ura ta rarraba shi launi-launi, daga launin ya gane saurin 'yan ƙwayoyin da ke zagaye ciki, nawa ke gudu, nawa ke tahiya sannu.

Nic ce, "To ina ruwanka da masu gudu?"

Yac ce, "Amarya, ai su ke riƙe da zahin. In sun tsere, wutar mutuwa take yi."

Sai nit tuna da samarin garin ga. Da ya tambayi ƙanenai Lawwali, nic ce shina gona. Ban hwaɗa mishi yaron ya ɗaure kaya ba. Gobe za shi garin Isa ya hau mota, ya bi sauran samari kudu. Shi kaɗai ya rage min cikin gidan ga.

Ɗazu na tona murhu, garwashin ya yi ja-ja, toka na hawa kanshi. Ni ba ni da na'ura, amma na san launin nan.