Matar Mai Burodi

Litinin, 3 ga Maris
Sakamakon gwaji ya fito. Likita ta ce abu biyu ne. Nama irin na cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, shi ke sa ni birgima duk wata. Sannan hanjina ba ya ɗaukar alkama, wai ciwon siliyak. Na tambaye ta ko su suka hana ni haihuwa duk shekarun nan. Ta ce wataƙila, bincike bai tabbatar ba tukuna, in bar alkama kwata-kwata mu gani. Ta tambayi sana'ar mijina. Na ce gasa burodi. Sai ta ajiye biro.

Laraba, 12 ga Maris
Ban gaya masa ba. Tun aurenmu bai taɓa fashin kawo mini na farkon fitowa daga tanda ba, da zafinsa, a cikin riga. Yau ma na karɓa, na miƙa wa maƙwabciya ta katanga kamar ɓarauniya.

Juma'a, 21 ga Maris
Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. "Wato ni nake ba ki cutar?" Na ce ba haka ba ne. Bai ci abinci ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Yanzu a bakin ƙofa yake kakkaɓe kaya, ya yi wanka kafin ya matso kusa da ni. Ya ware mini tukunya da cokali. Yaya ta ce na zama baƙuwar gwamnati a gidana. Na yi dariya, amma wallahi ina kewar ƙamshin nan na wuyansa. Yanzu ƙamshin sabulu kawai yake yi.

Asabar, 17 ga Mayu
Na riƙe wa Yaya jaririnta tana wanki. Ya yi barci a ƙirjina, bakinsa buɗe. Hannuna ya sage, na ƙi cewa komai don kar ta karɓe shi. Ina so. Allah Ka sani ina so.

Alhamis, 5 ga Yuni
Ya gasa mini burodin garin shinkafa. Da za a jefi mutum da shi sai asibiti. Na cinye tas.

Talata, 24 ga Yuni
Al'ada ta zo. A kasuwa na ankara, kuma na ƙarasa cefanena a tsaye, ban durƙusa ba. Da na shigo ya dube ni, na girgiza kai. Ya fita tsakar gida ya yi ta wanke bokitin da ba shi da datti. Na yi kuka, amma kaɗan. Bayan nan yunwa ta kama ni, na ci faranti biyu, har na share ɗaki.

Ba zan faɗa wa kowa ba, kunya nake ji. Yau na ji daɗin jikin nan, ko da babu kowa a cikinsa sai ni.