Na juya wa mahaifina maganar likita, yanzu numfashinsa yana raguwa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Ina roƙon a sakaya sunana, don a garinmu ko tari ka yi sai an gane na wane gida ne. Kuma don Allah ku bari ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina. Ba wai ban cancanta ba ne, na cancanta, sai dai zagin na yi wa kaina har na gaji, yanzu shawara nake nema.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, a wani gari cikin ƙasar Tasawa. Kasuwar Urafane muke ci duk mako, sauran ranaku mu yi yanka a gida. A gidanmu ni kaɗai na yi lakwal, wato makarantar boko, na ɗan taɓa kwaleji kafin na dawo kan wuƙa, saboda haka duk abin da ya shafi takarda ko Faransanci ni ake nema. Wannan ɗan karatun da ake yaba mini shi ne ya zama abin da na cuci mahaifina da shi.

Tun ina ƙarami na san Baba da ciwon baya. Da safe yakan tashi a sandare, ya yi ta zagaya tsakar gida yana dafe da ƙugu, sai ya isa mayanka ya kama aiki sannan jikin ya sake. Mu dai sanyi muke ce masa. An yi ƙaho, an yi jiƙo, an shafa duk abin da ake shafawa. A hankali wuyansa ya daina juyawa, in ka kira shi sai ya juyo gaba ɗayansa. Ba wanda ya damu ƙwarai tunda yana aikinsa. Wanda bai san fawa ba bari in gaya masa: idan an yanka akuya ko rago, kafin a feɗe sai a tsaga fata kaɗan a ƙafar baya, a zura sanda a buɗe hanya, mahauci ya kafa baki ya yi ta hurawa yana bubbuga jikin dabbar, har ta kumbura fatar ta rabu da nama. A nan Baba ya yi suna. Rago komai girmansa, kafin wani ya gyara zama shi ya gama. Da samarin mahauta suka fara hurawa da famfon tayar keke, sai ya ce ba dai a rumfarsa ba. Sau nawa muka yi faɗa a kan haka? Ya ce mini, “Naman da aka hura da roba warin roba shi kai. Ranar da ka kawo mini wannan abu nan, ka nemi wani uba.” Abin ya yi ta cina.

Sai numfashi ya fara yi masa gardama. Wata ranar kasuwa ya durƙusa kan akuya, ba ma babba ba, ya hura ya tsaya, ya hura ya tsaya, idonsa ya yi ja, akuya ta ƙi tashi. Masu saye suna tsaye, wasu suka juya suka nufi rumfar maƙwabta. Wani mara kunya cikin mahauta ya ce, “Tsoho, a miƙo famfo?” Aka yi dariya. Na sunkuya zan karɓa, Baba ya ture ni da gwiwar hannu. Wallahi ranar ban san wanne ya fi yawa a zuciyata ba, tausayinsa ko haushinsa. Haka muka ci gaba wajen wata uku, yanka ɗaya sai ya cinye mana safiya, shi bai iya ba, bai bar ni na yi yadda na iya ba.

Da ƙyar ya yarda muka je asibiti a Tasawa, su kuma suka tura mu Maraɗi. Aka ɗauki hoton bayansa da ƙirjinsa. Likitan ya zagaya ƙirjin da igiyar awo irin ta tela, ya ce ya ja numfashi iyakar ƙarfinsa, igiyar ko faɗin yatsa biyu ba ta motsa ba. Sannan aka matse masa hanci, aka ba shi wani bututu aka ce ya hura, na'ura tana auna iskar da huhunsa ke ɗauka. Baba har da murmushi, wai yau an zo fagensa. Likitan nan mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, kuma wanda ke yi masa tafinta bai zo ba ranar. Sai ya dube ni, ya yi mini bayani dalla-dalla da Faransanci. Ya ce sunan ciwon spondylarthrite ankylosante, ƙasusuwan gadon baya ne suke mannewa da juna, har da wurin da haƙarƙari ya haɗu da baya, shi ya sa ƙirji ba ya buɗewa. Ya ce huhun kansa bai lalace ba tukuna, kejin da yake ciki ne ya ƙanƙance. Ya rubuta magani, ya ce amma babban maganin motsi ne. Ya ce Baba ya yi tafiya kullum, ya miƙe hannuwa ya ja dogon numfashi safe da yamma, ya kwanta a miƙe ba tulin matashi, kada ya kusanci taba, kuma kada ya bar aikinsa muddin yana iyawa. Har yau ina jin muryarsa: “Il faut qu'il bouge.” Wato lallai ya riƙa motsawa.

Baba ya juyo da jikinsa duka ya ce, “Mi ya ce?” Na buɗe baki na ce, “Baba, ya ce ƙashin bayanka ya gaji. Ya ce ka huta, ka bar aiki, ka bar hura dabba.” Ban shirya ƙaryar daga gida ba, Allah ne shaidata, amma kuma ba tuntuɓen harshe ba ne, na san abin da nake yi. Likita ya ga Baba yana sauraro, sai ya miƙe ya ɗaga hannuwa sama yana jan numfashi don ya nuna masa yadda zai riƙa yi. Baba ya ce, “Wannan hwa?” Na ce, “Yana nuna maka irin miƙar da ke tayar maka da ciwon, ya ce ka kiyaye ta.” Likita ya yi murmushi, Baba ya yi godiya, ni kuma na linke takardar da aka zana motsin jiki a kai na tura aljihu. Wane irin ɗa ne zai yi haka? A mota ina ta gaya wa kaina ai tausayi ne, ai ba na son a sake yi masa dariya a kasuwa. Akwai wannan, ban musa ba. Amma kwana huɗu da dawowarmu na sayi famfo, kuma ba tausayi ne ya kai ni shagon ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, Baba tun da nake bai taɓa bin maganar kowa ba. Sarkin fawa bai isa ba, Inna ba ta isa ba, ni balle. Na ɗauka zai zauna mako biyu ya gaji, ya dawo yana zaune yana ba da umarni, ni ina aikin. Ina! Sai ga shi ya riƙe maganar likita kamar karatun allo. Ya daina zagayen safe. Inna ta samo masa kujerar malam-ka-ji-daɗi, ta tara masa matasai uku a bayan wuya, ko buta ba ta bari ya ɗauka. Ya yini a ƙofar gida a lanƙwashe, kusa da tukubar da muke gashi, hayaƙi yana bi ta kansa, wai a nan yake jin ƙanshin sana'a. Zaman ya ishe shi, ya koma shan sigarin da ya bari tun kafin a yi mini aure. Na ce, “Baba, likita fa ya hana taba.” Ya ce, “Ba ka hwaɗa ba ran nan. Hutu ka ce, ga shi ina yi.” Wata rana na ce ya tashi mu taka zuwa bakin rijiya, ko jikinsa ya sake. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu ta ce, “Kashe shi kake so ka yi? Kai da bakinka ka ce lokotoro ya hana.” Ba ta yi ƙarya ba. Da bakina ne.

Rumfa kuwa ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Yanka ya ƙaru, masu saye suka dawo, ba wanda ya taɓa ce mini ya ji warin roba. Baba ya san da famfon, bai ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi mini zagi ciwo. Ina kallo cikin shekara guda da ƴan watanni bayansa ya ƙara sunkuyawa, har sai ya ɗaga ido sosai kafin ya ga fuskar mai gaishe shi. Daga gida zuwa masallaci, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai ya tsaya sau biyu ya dafa katanga. Salla a zaune. Da damina ya yi mura, majina ta taru a ƙirji, ba shi da ƙarfin tarin da zai fitar da ita, sai wani ɗan ƙugi-ƙugi yake yi. Muka yi kwanaki muna tsoro. A lokacin ne na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai mun koma Maraɗi.

Muka koma, likitan nan dai muka samu, kuma ni ne dai tafinta. Aka sake ba Baba bututu ya hura, na ga yadda likita ya dubi takardar farko ya dubi ta biyu, ban buƙaci a fassara mini fuskarsa ba. Ya tambaye ni ko yana yin motsin da aka nuna masa. Na ce yana yi in ya samu hali. Ƙarya ta biyu ke nan, wannan karon likitan na yi wa. Ya ce abin da ya riga ya manne ba zai ɓalle ba, amma abin da ya rage ana iya tsare shi in an tashi tsaye yanzu, kuma in aka ci gaba a haka wata murar tana iya kayar da shi. Ya haɗa mu da mai gasa jiki da koyar da numfashi, kine suke ce masa, ya sa mana rana. Na ce a raina yau dai zan gyara. Da Baba ya tambaya, na gaya masa gaskiya tsantsa, kalma da kalma: ya tashi, ya yi tafiya, ya miƙe, ya ja numfashi, ya yar da matasai, ya yar da taba.

Baba ya miƙe ya nufi ƙofa. Sai da muka fito bakin ƙofar asibiti ya ce, “Bara ya ce in kwanta, na kwanta. Bana ya ce in tashi. Mutum guda baki biyu? Wanga bai san aikinshi ba, gwaji shi kai da bayana.” Na ce wataƙila ciwon ne ya sauya. Ya ce, “Ciwo bai sauya ba, ni ke ɗauke da shi. Na bi maganarshi ban tsallake ko ɗaya ba, ga inda ta kai ni. Ƙahwata ba ta sake taka wurin nan.” Kun ga inda na kai kaina? Lokacin da na yi ƙarya ya yarda, yanzu da na faɗi gaskiya ita ce ta zama ƙarya. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin likitan Maraɗi mai baki biyu, mutane suna girgiza kai suna tsine wa bawan Allah da bai yi komai ba sai aikinsa. Ni kuma ina tsaye ina ji, wani lokaci ma a ce, “Ai ga ɗansa nan, shi ya yi tafinta,” in gyaɗa kai.

Na gwada duk wata dabara. Na ce mu je wajen wani likitan, ya ce duk gari ɗaya suka yi karatu. Na roƙi limaminmu ya yi masa magana a kan sigari, ya rage kwana biyu ya koma. Na ce ya dawo rumfa ko zama ne ya riƙa yi, ya ce, “Rumhwa ta samu mai ita.” Jiya da la'asar na same shi shi kaɗai a kujerarsa, na tsuguna gabansa da niyyar in faɗi komai in huta. Na ce, “Baba, maganar likitan nan, akwai abin da...” Bai bari na ƙarasa ba. Ya ɗora hannu a kaina, yana magana yana tsayawa ya nemi iska, ya ce, “Bar damun kanka. Kai abin da ka ji ka hwaɗa, ba ka da laihi. Da ba ka yi lakwal ba, wa zai tsaya mini?” Na tashi na fita.

Ranar da aka sa mana wajen kine saura kwana tara. Hanya ɗaya ta rage da zai yarda ya shiga mota, ita ce ya san likita bai taɓa sauya magana ba, ni na sauya ta. In na faɗa, na san Baba, yana iya yi mini baki, Inna kuma ba za ta ƙara kallona da idon da take kallona ba, ga mahauta za su ce na kwantar da ubana don in gaji rumfa da ransa, kuma ba zan iya rantsuwa cewa ƙarya suke yi ba. Wannan duka zan iya ɗauka. Abin da nake tsoro shi ne in faɗa, ya rasa ni, kuma duk da haka ya ƙi zuwa don zuciya. In kuma na yi shiru, zan ci gaba da zama ɗan albarka a bakinsa, ina kallo iskar da ta rage masa tana tafiya kaɗan-kaɗan.

Don Allah wanda ya san halin tsofaffinmu ya ba ni amsa kafin kwana taran nan su cika. Me zan yi?