Babbar Tana So Ta Koma Wushishi

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Na dawo daga shago bayana kamar ba nawa ba, keken ɗinki ya cinye ni. Ko mayafi ban cire ba Hanif da Ummi suka far wa jakata, waya suke nema. Hanif wai da ita yake koyon Turanci. Turancin ƙwallo. Ummi ta ce waya ta fi malamarsu, ba ta duka. Na miƙa musu don kaina ya huta.

Babbar 'yata ba ta shiga rigimar ba. Ba ta taɓa shiga.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ba wuta. Waya ta mutu, yara kamar an yi rasuwa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Maman Wisdom, maƙwabciyata a shago, ta ce, "Kai Maman Hanif, me ya sa ba ka kiran sunan yarinya?" Na ce 'yar fari ce, mu ba ma kira, kunya ce. Ta kalle ni kamar na yi saɓo. Haka uwata ta yi wa Yaya Mika'ilu, bai mutu ba. Tun yaye kakarta ta ɗauke ta zuwa Wushishi, sai bana aka dawo da ita Maitumbi saboda sakandare. To yanzu rana tsaka in fara rungume-rungume? Na gaji da yi wa mutane bayani.

Asabar, 16 ga Nuwamba

A makarantarsu za a yi muhawara kan amfanin waya ga yara, an sa babbar a ciki. Ina tsince shinkafa ina jin tana gwaji a bayan ɗaki, Ummi ce alƙali. Karatu, labarai, taswira, duk abin da malami ya ba ta. Sai ta ƙara nata: "Kuma akwai wanda ba ya iya yi maka magana ido da ido, amma a waya yana iyawa."

Ummi ta ce wa ke nan? Ta ce ba ruwanki.

Shinkafar dai ta yi tsakuwa yau.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Babansu ya ce babbar ta roƙe shi in an yi hutu ya mayar da ita Wushishi, ta zauna can gaba ɗaya. Ya tambaye ta ko wani ya taɓa ta. Ta ce a'a. Wai da tana can, duk Juma'a in na kira kakarta ina cewa a ba ta, in tambaye ta ko ta ci abinci, har dariya nake yi. A nan kuwa sai "ke, ɗauko" da "ke, ajiye". Ta ce masa, "Baba, a can ina da uwa a waya."

Ya ce ni zan yanke. Na ce ya yi yadda ya gani. Ya ce to, ranar hutu.

Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye wa takarda ba. A waya ba mai kallon fuskata, shi ne kawai bambancin.

Alhamis, 5 ga Disamba

Ta wanke kayanta ta ninke a jaka. Na ɗinka wa wata riga na juya hannun. Maman Wisdom ta yi ta dariya.

Laraba, 11 ga Disamba

Jibi hutu.

Da la'asar ina shago na kira ƙaramar wayar gida. Wake nake so a jiƙa, shi ne dalili. Ita ta ɗauka. Na faɗi maganar wake, na tambaya ko ta ci abinci, ko muhawarar ta yi kyau. Ta ce su suka ci. Sai na ji bakina ya ce, "Sannu, Hidaya."

Na duba ko layin ya yanke.

Ta ce, "Mama, sake faɗa."

Na ce ɗinki na jirana. Na dai sake, sannan na kashe.