Gaisuwar Kyankyasai a Gidan Samasama

Mma Atikatu, don Allah ki taimake ni kafin in tattara tukwanena in koma Salaga gidan ubana.

Shinkafa da wake, irin wadda ake rinawa da karan dafi, nake sayarwa a ƙofar gidanmu a Yendi, tun bayan yunwar tamanin da uku. Maigidana, Baban Zaliha, ma'aikacin duba-gari ne, wanda a nan muke kira samasama. Shi ke shiga gidaje yana leƙa randa, in ya ga tsutsa ko shara ya rubuta sammaci. Ba zan ɓoye miki ba, aikin akwai albarka. Matar da ba ta son a leƙa mata randa takan aiko da gaisuwa, doya ko ƙwan zabi, wani lokaci har zabuwar da kanta. Ƙwan da nake ɗora wa masu saye ban taɓa zuwa kasuwa nemansa ba.

Sai ya je Bawku wurin abokinsa Issahaku, ya dawo da hawainiya biyu a keji. Na ɗauka magani za a haɗa, ashe sha'awa ce kawai. Abar nan ba ta cin tuwo, sai ƙwaro mai rai. Bawan Allah ya kawo durom, ya jera kwalin ƙwai a ciki, ya shafe bakin da basilin don kada ƙwari su hauro, ya rufe da raga, ya shiga kiwon kyankyasai. Kiwo fa, Mma, kamar na awaki! Dusa yake ba su da ɓawon gwanda, ya daka ɓawon ƙwai ya barbaɗa musu wai don ƙashin hawainiya ya yi ƙwari. Ya ce sun fi haihuwa a ɗumi, saboda haka durom ɗin yana jingine da bangon murhuna. Maganin feshi kuwa ya haramta shi, sauro ma ya samu 'yanci a gidanmu.

Duk wannan na haƙura. Ran nan ya je duba gidan Lamisi mai koko, ya ga ƙaton kyankyaso a bayan randa. Maimakon ya zaro takardar sammaci, sai ya durƙusa ya kama shi ya sa a kwalin ashana, har da godiya. Kafin la'asar labari ya zaga zango, unguwarmu ta Hausawa. Tun ranar doya ta ɗauke, ƙwai ya ɗauke. Gaisuwa ta koma kyankyasai a gwangwanin madara mai huji a murfi, kuma ni ake miƙa wa, da sassafe, a gaban masu cin abinci. Su rusuna cikin ladabi su ce a ajiye wa maigida, suna danne dariya da mayafi. Direbobin da ke karya kumallo a wurina sun koma tsallaken titi. Jiya wani ya juya cokali, ya ga baƙin wake, ya ajiye kwanon ya tafi ko waiwaye babu. Abincina yanzu kwana yake a tukunya.

Na yi masa magana, ya ce kyankyasansa sun fi wasu mutane tsafta, kuma mayar da kyauta rashin kunya ne. Wallahi ina son mutumin nan, ba ya sha, ba ya yawon banza. Amma raina ya ɓaci, sana'ata tana mutuwa ina kallo. Yaya zan yi?

Mai karan dafi, Yendi

'Yata mai karan dafi,

Ki sauke tukwanen tukuna, Salaga ba ta gudu. Mijin da ke tashi daga aiki ya dawo gida ya zuba wa hawainiya ido ba shi ne mafi muni a cikin maza ba. Kuma ya yi gaskiya a abu ɗaya, kyankyason da ya tashi a durom yana cin dusa ya bambanta da na masai. Amma mai cin abinci ba ya tambayar asalin kyankyaso, kuma a nan gaskiyarki ta fi tasa nauyi.

Kada ki sake kai masa kukan sana'arki, kin ga bai ji ba. Ki kai masa kukan hawainiya. Kyankyason gidan mutane ba a san me ya ci ba, wani an fesa masa magani bai gama mutuwa ba, kuma guda ɗaya ya isa ya halaka abar ƙaunarsa. Da ya ji haka, da kansa zai hana gwangwanayen. Durom kuma a mayar da shi ƙarshen gida, zafin Yendi ya ishe su haihuwa ba sai da murhunki ba.

Sai kuma wadda ba za ta yi miki daɗi ba. Ƙwai da doyar nan ba gaisuwa ba ce, tsoro ne, kuma dariyar da matan ke dannewa ta daɗe tana jiran rana. Ki shiga kasuwa ki sayi ƙwanki. Ki gayyaci Lamisi ta zauna a bencinki ta ci a idon jama'a, direbobi za su biyo baya.

In kuma maigida ya ƙi, ai gidanku ma cikin zango yake. Ki aika wa abokin aikinsa ya zo ya leƙa bayan murhu, ya taho da takardarsa.

Allah ya daidaita ku, ya sa tukunyarki ta riƙa ƙarewa kafin hantsi.

Taki, Mma Atikatu