Ranar da Iya Ta Tattara Tsintsiyoyin Unguwa

Zuwa ga Yayana Ɗayyabu, a Bor Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sara da yara, ya tsare ka a wurin aiki, ya sa albarka a neman da kake yi. Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. An kai dawa gida, an shuka alkama a hawasha, gonarmu ta noman rani, kuma ruwa bai yanke a tur'a, magudanar ban-ruwa, ba bana. Ƙanenmu Muntari kullum yana gona, sai dai in gan shi da magariba kamar baƙo. Ni kuma ina nan da 'yan makarantata, suna ci gaba da fito mini da furfura.

Takardarka ta iso, wadda ka ce za ka zo ka tafi da Iya kafin bazara. To Yaya, ka ajiye jakarka tukuna ka ji labari, don ni kaina sai yanzu nake iya ba da shi ba tare da gabana ya faɗi ba.

Ka san tun da manyan motoci suka koma bin titin ƙofar gidanmu zuwa kasuwar Managil, ba mu ƙara shan iska mai daɗi ba. Kai da ka zo bara kwana uku kawai ka yi, ka ce har a cikin shayi kana tauna ƙasa. Mu kuwa a ciki muke kwana mu tashi. Ko matan unguwa sun yi shara, ƙurar tashi take yi ta shigo ɗaki. Ƙirjin Iya ya kai ga tana numfashi ana ji daga tsakar gida, kuma likita ya faɗa mini a gaban idonta cewa ko dai a raba ta da ƙurar nan, ko a raba ta da titin nan. Tun ranar da na karanta mata takardarka ba ta ce uffan ba a kan tafiyar. Sai dai in shigo in tarar ta ɗaure kayanta a zane, in fita in dawo in tarar ta kwance su. Matar da aka haifa a garin nan, ta binne iyayenta da Baba a nan, ka ce ta koma inda ba ta san maƙwabci ko ɗaya ba. Wallahi tausayinta ya hana ni sukuni.

Ana cikin haka Alamin, shugaban lajna, wato kwamitin unguwa, ya dawo daga ofishin mahalliyya, ƙaramar hukumarmu, da labarin cewa hukuma ta ware tallafi don motocin shara. Ba manya ba ne, kamar raksha suke, keken haya mai ƙafa uku, da tankin ruwa a baya. Suna yayyafa ruwa kafin su share, su kuma zuƙe ƙasar, don haka ƙura ba ta tashi. Unguwar da ke so sai ta rubuta talab, wato takardar nema, sannan a aiko ma'aikaci ya auna iskar wurin, don motocin ba su da yawa, inda ya fi buƙata za a ba. Da yake ni ce malamar makaranta, ni aka ɗora wa rubutun. Sau huɗu ina zuwa ofishin nan. Yau a ce babu hatimin lajna, gobe a ce a haɗo da takardar likita. Na bi gida-gida na rubuta sunan duk mai tari da mai ciwon ƙirji, sunan Iya a sama. A ƙarshe aka karɓa, aka ce ranar Talata wata ma'aikaciya mai suna Ibtisam za ta zo da na'urar awo.

A nan ne ƙanwarka mai ilimi ta tafka wauta. Don in faranta wa Iya rai, sai na ce mata baƙuwa za ta zo mana daga hukuma ranar Talata. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, na ɗauka sauran bayanin a fili yake. Ranar na fita da sassafe na tafi tasha in taro matar. Da muka shigo unguwa da hantsi, Yaya, ban gane titinmu ba. An share shi tas tun daga masallaci har bakin tur'a. An yayyafa ruwa, har amalanken jaki uku na ruwa aka ɗebo. Ƙamshin turaren bahur yana fitowa daga kowace ƙofa. Babu mota ko ɗaya, ashe Iya ta aika samari sun tsaya a mararraba suna roƙon direbobi su zagaya ta bayan gari, wai don muna da baƙuwa. Kuma ga Alamin, wanda ya fi kowa sanin abin da aka zo aunawa, yana tsaye da sabuwar jallabiya yana murmushi. Daga baya da na tsare shi, cewa ya yi Iya ce ta ba da umarni, shi wa ya isa ya musa mata.

Ibtisam ta kafa na'urarta a ƙofar gidanmu, ta jira, ta duba, ta sake dubawa. Ta ce ta zagaya ƙauyuka goma sha ɗaya a watan nan, ba ta ga titi mai tsabta da iska mai kyau irin namu ba. Iya da aka fassara mata daga Larabci sai ta washe baki, ta sa aka ƙaro wa baƙuwa kisra, wainar dawa, da miya, aka dafa kofin jabana har sau biyu. Ni kuwa ina zaune ina zuba kofi, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Garin neman gira mun rasa ido.

Sai a hanyar raka ta tasha na samu bakin magana. Na faɗa mata gaskiya duka, har da maganar likita da takardarka. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafinta, ta ce kakarta ma da haka za ta yi. Amma ta ce ita ba ta rubuta komai sai abin da na'ura ta nuna. Abin da za ta iya kawai shi ne ta sake dawowa sau ɗaya cikin mako biyu, kuma ba za ta faɗi rana ba. Na yi mata godiya na dawo da murna, ban san sabon aiki na ɗauko ba. Da Iya ta ji baƙuwa za ta iya faɗowa kowace rana, sai ta ce to ai shara da yayyafi sun zama na kullum ke nan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan la'asar na zauna a bakin gadonta, na ce mata abin da ban taɓa tunanin zan iya faɗa wa mahaifiyata ba. Na ce ta zaɓa, ko baƙuwa ta zo ta ga dattinmu yadda yake, ko kai ka zo ka tafi da ita. Ta ce ita tun tasowarta ba ta taɓa jin inda aka tarbi baƙo da ƙazanta ba, uwarta ko ba ta da abin ba baƙo, to za ta share masa wurin zama. Na ce na sani. Sai na fashe da kuka, don ni ma kunyar nake ji.

Washegari da safe ta ɗauki sandarta, ta bi gidajen titin nan ɗaya bayan ɗaya, tana tafiya tana hutawa. Ta karɓe tsintsiyar waje ta kowace mace, ta bar musu ta ɗaki kawai. Ta san matanmu, in tsintsiya na kusa hannu ba ya haƙuri. Ta zo ta jibge su a ƙarƙashin gadonta ta zauna a kai.

Kwana tara muka yi a haka, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irin su ba. Lokacin kwasar dawa ne, motoci ba sa yankewa, ƙura ta taru har tana shiga takalmi. A rana ta shida numfashin Iya ya sarƙe, muka kai ta asibiti a raksha aka sa mata iska. A hanya na ce a raina, Maijidda, ke ce za ki kashe tsohuwar nan garin ki hana a tafi da ita. Na roƙe ta ta koma rumfar gona wurin Muntari har a gama. Ta ƙi, ta ce ko a cikin datti ne, baƙuwa ba za ta zo ta tarar babu mai gida ba.

Ibtisam ta zo ranar kasuwa da azahar, ba sanarwa, ta sauko daga mota tana toshe hanci. Iya ta fito bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ba don ƙura ba, don kunya. Ta kama hannun matar ta ce, "Ɗiyata, ki gahwarce mu. Haka muke zamne kullum." Ibtisam ba ta jin Hausa, amma ba ta nemi fassara ba, ta sunkuya ta sumbaci kan Iya. Ta kafa na'ura, ba ta ma daɗe tana jira ba ta fara rubutu.

Yau mako biyar ke nan da kawo mana motar. Hukuma ta ɗauki mutum biyu daga unguwa suna tuƙa ta, safe da yamma, mu kuma lajna muka ɗauki alkawarin ruwa. Ban ce maka ƙura ta ƙare a duniya ba, in iska ta taso daga fili tana kawo rabonta. Amma yanzu ana shanya farin kaya a ɗauke shi fari. Iya tana barci, tana zama a ƙofar gida da yamma tana yi wa masu tuƙin gyara, wai ba su iya share lungu ba. Shekaranjiya muka koma wurin likita, ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, ya ce ta ci gaba da magani, a dawo da ita bayan wata uku, amma bai ga dalilin ɗaga ta daga gidanta ba. Na fito na zauna a kan dakalin asibitin ina ta hamdala. Na san don ƙauna ka yi niyyar zuwa, Yaya, kuma Allah ya saka maka da alheri. Ka zo mana ziyara, ba ɗauka ba.

Ka gaishe mini da Sara da kyau, ka ce mata turaren da ta aiko ya iso. Ka gaishe da Hanan da Muzammil, Allah ya yi musu albarka ya ba su sa'ar karatu. Muntari yana gaishe ka, Alamin ma ya ce in miƙa gaisuwarsa. Na tambayi Iya ko tana da saƙo, ta ce tana sa maka albarka dare da rana. Sannan ta ƙara da cewa, "Ki hwaɗa mishi ya kwantar da hankalinshi. Ran da mai kira ya zaka, ya san gida, nan zai ishe ni."

Wassalam. Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Maijidda