Hoto Na Arba'in Da Ɗaya

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
An kwana ana ruwa. Ɗakin baya yana yoyo. Na sa bokiti.

Wani Dakta Umar daga jami'a ya zo nemana, fasto ne ya kwatanta masa gida. Bincike suke yi a kan ƙibar yara. Za su zaunar da su gaban kwamfuta suna nuna musu hotunan abinci, wata 'yar kyamara tana bin ƙwayar ido, tana auna inda idon ya fi daɗewa. Hotunan da aka aiko musu daga waje ba su yi ba. Wai wata yarinya ta ga cuku ta ce sabulu ne. Suna neman wanda zai ɗauko musu abincin gida.

Shekara ashirin da shida ina haɗa launin atamfa a masaƙar Kakuri, har Ingila aka tura ni kwas. Masaƙar ta zama gidan jemagu, ni kuma mai hoton ƙosai. Na ce to.

Laraba, 8 ga Mayu
Dokokinsa: hoto sittin, farin faranti iri ɗaya, farin ƙyalle a ƙasa, kada hannu ya fito. "Baba, kada komai ya ja ido sai abincin." Ni ake koya wa abin da ke jan ido.

Asabar, 11 ga Mayu
'Yata Esther ta kira daga Abuja, daga asibitin da take aikin nas. An tura mata hoton 'yarta Mercy cikin yaran coci. "Baba, me kake ba yarinyar nan? Shekara tara, sai ka ce 'yar goma sha huɗu!"

Na ce abin da take so.

Gaskiya ce. Tun da matata Martha ta rasu, wata goma sha huɗu ke nan, ba a kunna gas a gidan nan sai don ruwan shayi da taliyar leda. Fanke da safe, cincin da lemon kwalba in ta taso daga makaranta. Tana ci gaban talabijin, ina baranda. Ba faɗa, ba hira.

Esther ta ce ƙarshen Yuli, in an yi hutu, za ta zo da sikeli. In babu canji za ta tafi da ita gaba ɗaya. Na ce ai 'yarki ce.

Tun tana shekara uku take nan.

Talata, 14 ga Mayu
Babu komai.

Juma'a, 17 ga Mayu
Mai abincin bakin layinmu ke dafawa, ni ina ɗauka. Yau faten acca. Ya ƙi zama a farantin Dakta, sai malala yake yi. Na hau kujera na sauko da kwanon Martha daga saman kabad. Fari ne shi ma, sai dai bakinsa shuɗi, da tabo guda inda fentin ya ɓare. Na ɗauki hoton, na wanke kwanon, na mayar da shi kafin Mercy ta dawo. Hoto na arba'in da ɗaya.

Faten na mayar wa mai shi. Ban ɗanɗana ba.

Lahadi, 26 ga Mayu
Na je coci. An yi wa'azi.

Alhamis, 6 ga Yuni
Makarantar su Mercy tana cikin waɗanda aka zaɓa. Ta kawo takardar amincewa, na sa hannu.

"Baba Tsoho, in mun gama kallo za su ba mu?"

Na ce kallo ne kawai.

"Kai! Wannan ai mugunta ce."

Da da ne, da na ce amaryata mai ciki kamar rumbu, ta ce ita ba ta auren tsoho mai haƙori uku, Martha tana dariya daga kicin. Na mayar mata da bironta.

Alhamis, 20 ga Yuni
Dakta Umar ya kira ni ofishinsa. Na ɗauka ƙarin hotuna yake so.

Ya juyo min da kwamfuta. A kan kowane hoto akwai jan tabo, wurin da idon yara ya zauna. Na fanke ya yi jajir. Sai ya buɗe na Mercy ita kaɗai, tunda ni na sa mata hannu. Fanke, ta wuce. Cincin, ta wuce. Duk abin da nake saya mata kullum, idonta bai tsaya a kai ba. A hoto na arba'in da ɗaya jan ya taru wuri guda, kuma ba a kan faten ba. A bakin kwano, daidai inda fentin ya ɓare.

Hotuna shida da suka biyo baya babu ja ko ɗigo. Na tambaya ko na'urar ce ta lalace.

Ya ce, "A'a, Baba. Ba ta iya bin ido in akwai ruwa a cikinsa."

Ya tambaye ni kwanon wa ke nan. Na faɗa masa. Na ce kuskurena ne, na karya doka. Ya ce za su cire hoton, su cire sakamakon Mercy ma, ba zai shiga binciken ba. Ya raka ni har bakin titi, ya ce Allah ya ƙara haƙuri. Na hau keke napep. Akwai cunkoso a gada.

Juma'a, 21 ga Yuni
Mako guda da yin gwajin, Mercy ba ta ce min uffan a kai ba. Ni ma ban tambaya ba.

Yau na leƙa ta taga tana ci. Ba ta ko kallon abin da ke hannunta. Kai wa baki kawai.

Asabar, 22 ga Yuni
Kasuwar Kakuri. Acca, alayyahu, yakuwa, gauta, gyaɗa. Mai accar ta gane ni, 'yar zumuntar mata ce tare da Martha. "Baba Jethro! Ko an yi mana sabuwar amarya ne ba labari?" Na ce awo na zo yi.

Awa biyu a kicin. Mutumin da ya san awon launi har ƙwayar giram, bai san yawan ruwan fate ba. Ya yi tsululu, yakuwa ta yi yawa. Na zuba a kwanon, na ajiye wa Mercy, na koma baranda.

Can sai ga ta da kwanon da cokali biyu.

"Na Kaka ba haka yake ba."

Na ce na sani.

"Ya yi tsami."

Na ce a zubar.

Ta zauna a kan dakali. Ta riƙe kwanon ta wajen tabon. Mun sha rabi.

Talata, 9 ga Yuli
Mercy ta ce wai Kaka sai ta soya accar sama-sama tukuna. Ita ke yanka alayyahu, ni ke juyawa. Ta ce ina juyawa kamar mai kwaɓa siminti. Har yanzu ina sayen fanke. Biyu.

Asabar, 27 ga Yuli
Esther ta zo da sikelinta a jaka. Rabin kilo ya ragu.

"Rabin kilo, Baba? Ko takalmi ta cire ai za a samu wannan."

Ta shiga ɗaki ta fara ninke kayan yarinyar. Mercy ta tsaya jikin ƙofa, ba ta yi kuka ba. Ina baranda ina jin ƙarar zif.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce, "Esther, ki bar min ita."

Tun da aka rufe masaƙa ban roƙi kowa komai ba, har Ubangiji.

Ta wuce kicin shan ruwa, ta daɗe. Da ta fito kwanon uwarta yana hannunta, da ragowar na safe a ciki. Ta sa yatsa ta lasa.

"Gishiri ya yi yawa. Kana da hawan jini, ka manta?"

Lahadi, 28 ga Yuli
Esther ta koma ita kaɗai. Sikelin ta bari a ƙarƙashin gado. Sai Kirsimeti, in ji ta, kuma ba wasa take yi ba.

Ba wani abu ba ne. Canja wa yaro makaranta wahala ce, shi ke nan.

Na gyara yoyon ɗakin baya, bokitin ake bukata a kicin. Gobe kasuwa. Amaryata ta ce a ƙaro gauta.