Wule Saniya Ce, Ba Aljana Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Dije ta Rawayau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Rabi, autarki. Na tsufa yanzu, Inna, har na wuce shekarun da kika yi a duniya, amma yau raina a ɓace yake, kuma ba ni da wadda zan kai wa ƙara sai ke. Da gangan zan ajiye takardar nan inda jama'a za su karanta.

Ranar Asabar da hantsi ina tsintar shinkafa a tsakar gida, rediyo na gefena, aka shiga shirin da suke kawo labaran mawaƙan da. Sai na ji waƙarki. Da ta ƙare, mai gabatarwa ya ce ko masu sauraro sun san cewa marigayi Tanko mai goge ba shi ya ƙirƙiri waƙar nan ba, wata aljana ce ta ba shi a gindin tsamiya? Wani malami da suka gayyato ya gyara murya ya ce ƙwarai kuwa, kalmar nan "Wule" da ake ta maimaitawa sunan aljanar ne, shi ya sa babu Bahaushen da ya san ma'anarta. Suka yi ta mamaki, suna jin daɗi.

Inna, Wule fa! Saniyar Kawu Buba mai farin goshi, wadda ke ture ni da hanci in na zo kusa da ɗan maraƙinta.

Ban san lokacin da na zubar da shinkafar ba. Na buga musu waya, na faɗa musu ko ni wace ce. Yaron da ya ɗauki wayar ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya ce, "To Hajiya, kina da hujja?" Dutsen niƙanki zan ɗauko in kai masa?

Bari in faɗa a nan, tunda can ba su da lokacina.

Kawu Buba ƙanenki ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kaɗai ya rage miki cikin 'yan rugarku bayan kin auri Baba kin shigo gari. Wata damina, kafin a sami mulkin kai, yana haye gulbin Karaɗuwa da shanu ruwa ya ci shi. Shanun suka dawo su kaɗai, Wule a gaba. Ba ki yi kururuwa ba. Bayan kwana arba'in kika durƙusa gaban dutse da sassafe, kika soma niƙa, sai na ji kina cewa, "Wule ta haye, Buba bai haye ba. Wule ta zo gida, wa zai tatse ta?" Kullum kina ƙara baiti. Ina zaune kusa da ke ina tare gari da tafin hannu, ban taɓa tsammanin wani zai so waƙar ba in ba mu ba.

Da kaka ta yi, Tanko ya sauka a zaurenmu. Saurayi ne a lokacin, ramamme, gogensa a cikin tsumma, ƙaya ta rubar masa da ƙafa a hanyar Birchi. Baba ya ce baƙo ne, a duba shi. Kwana tara yana cin tuwonmu. Ke kika dafa ganyen da aka gasa masa ƙafar, ke kika dama masa fura da nonon da ya kamata ki kai kasuwa. Katanga ɗaya ce tsakanin zauren da wurin niƙanki. Wata safiya na ji ya ɗaga murya yana cewa, "Uwar gida, don Allah a maimaita wannan." Kunya ta kama ki. Sai kika ji tausayin majinyaci, kika maimaita.

Ranar da zai tafi ya yi ta sa albarka, har da hawaye.

Shekaru suka ɗan ja. Ranar wata kasuwar Kurfi muka je da man shanu, muka tarar da mutane sun yi da'ira a rumfar wani mai tireda da ya sayo garmaho. Yana juya hannun akwatin, faifai na zagayawa, sai ga kukan goge, sai ga muryar Tanko. Karin naki ne, bai canza ko gaɓa ɗaya ba. Amma ya cire sunan Kawu. Ya sa sunan wani attajiri mai motocin ɗaukar gyaɗa, yana cewa, "Wule ta haye, Alhaji ya haye," wai motocinsa ba sa tsoron gulbi. Maza suna tafi, wani dattijo har da taka rawa. Makokin ɗan'uwanki ake rawa da shi a tsakiyar kasuwa, an mai da gulbin da ya kashe shi abin kirarin mai kuɗi.

Kika sauke ƙwaryar daga kanki, kika tsaya har faifan ya ƙare. Ba mu sayar da man ba ranar.

Abin da masu shirin nan ba su sani ba shi ne inda labarin aljanar ya fito, ni kuwa ina wurin. Bayan 'yan watanni aka ce Tanko zai yi wasa a wani biki a Dutsin-Ma. Kika ce wa Baba za ki gaida Gwaggo Hansai, yayarsa da ke aure a can, kika ja ni muka hau bayan motar kasuwa. Da la'asar muka same shi a ƙofar gidan bikin, ya yi ƙiba, ya sha babbar riga, makaɗa sun kewaye shi. Ke da ba ki iya haɗa ido da maƙwabcinmu, kika ratsa cikin maza, kika tsaya a gabansa. Goge ya yi shiru. Kika ce, "Tanko, ƙafa ta warke? To gaya wa mutanen ga, wace ce Wule?"

Na ga ya gane ki. Wallahi na gani, idonsa ya faɗi ƙasa. Da ya ce saniyar ƙanen matar nan ce, ita ta yi waƙar, da ko allura ba ki nema a wurinsa ba. Sai ya ɗaga kai, ya yi dariya, ya juya ga taro ya ce, "Aljana ce! A gindin tsamiya ta ba ni!" Wuri ya ɗauki shewa. Maroƙinsa ya cafe maganar yana ta kururuta ta, aka ci gaba da kiɗa, aka bar ki tsaye. Ƙaryar da ya yi don ya kuɓuta daga idonki, ita ce yau malamai ke karantarwa.

Ina fushi da shi, ko da yake ya riga mu gidan gaskiya. Ina fushi da Baba ma, Allah ya jiƙansa. Labari ya riga mu isa gida, kuma abin da ya dame shi ba satar ba ce, a'a, an ce matarsa ta yi magana da makaɗi a bainar jama'a. Ya ce, "Matar aure ba ta da waƙa. Kar in sake ji." Daga ranar nan kika koma niƙa bakinki a rufe, sai gurzar dutse kawai ake ji a gidanmu.

Amma wadda na fi jin haushi ita ce ni. Da aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata, waƙar ta cika gari. 'Yan ɗakinmu suna rera ta wajen wanki, suna ba juna labarin aljana, suna tsorata juna. Na san gaskiya, na yi shiru, don kar a ce uwata mai tallan nono ce. Har amshi na yi musu, Inna. Da na zo hutu kika tambaye ni ko ana yin ta a can. Na ce ban taɓa ji ba. Kika dube ni, kika ce, "To madalla," kika ƙara mini miya. Kin san ƙarya na yi.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina da waƙar a wayata, kuma ina saurare. A cikinta akwai wurin da Tanko ke yanke murya ya yi ɗan jim, sau huɗu, ba tare da dalili ba. Malamin rediyo ya ce wannan gwaninta ce da ba a taɓa ji ba a wajen masu goge. Ba gwaninta ba ce. Nan ne kike tsayawa ki ɗebo gero a ƙwarya ki zuba a kan dutse. Ya kwashe har da numfashinki bai san mene ne ba. Ba mu da hotonki, ba mu da muryarki. Wannan ɗan shirun kaɗai ya rage mini, kuma dole sai na bi ta bakin ɓarawo kafin in same shi.

Ki yafe mini, Innata. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi. Allah ya haɗa ki da Kawu Buba a inda babu gulbin da zai raba ku. Baba ma Allah ya yafe masa. Tanko kuwa, na so in sa shi cikin addu'ar nan, bakina ya ƙi. Watakila wata rana.

Taki har abada,
Rabi, ɗiyar mai waƙar.